Koren da Mahamud Ya Hango Daga Sama

Mahamud ɗan Birnin Damagaram ne, jikan dukawa, amma tun da ya shiga lakwal, wato makarantar boko, warin fata ya fara tayar masa da zuciya. Ya yi karatun harkar ruwa a Yamai, ya dawo da tabarau da wata jaka da ba ya yarda a taɓa. Aikinsa a biro, wato ofis, shi ne duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa, ya ce nan akwai ruwa, nan babu. Mutumin da bai taɓa jan guga ba!

Wata shekara furoje, wato hukumar aikin raya karkara, ta yi wa wani ƙauye a ƙasar Zermu alkawarin rijiya, guda ɗaya tak. Matan garin tun asuba suke fita neman ruwa, sai hantsi su dawo. Mahamud ya buɗe hoton tsakiyar rani, ko'ina ja wur, sai wani fili gabas da gari kore shar. Ya ɗora yatsa ya ce nan ruwa yake kusa.

Ɗanƙarami, tsohon da ya yi shekara arba'in yana haƙar rijiya, ya kira shi yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, ai gawo ne. Da rani yake ganye, da damina ya zubar. Saiwarsa tana zuwa inda igiyarmu ba ta kaiwa. A gwada kwarin yamma."

"Baba, kai daga ƙasa kake gani, ni daga sama."

Jin rijiya za ta zo, wata dattijuwar garin mai suna Rakiya ta ba 'yarta da ke aure a Hamdara jakin da take ɗaukar ruwa da shi. Aka haƙa gaba ashirin a inda Mahamud ya nuna, aka ci karo da dutse, ko danshi babu. Furoje ta naɗe kayanta. Mahamud kuwa, abin haushi, girma aka ƙara masa.

Bara ya koma ɗaukar hoton ramin don rahoto, ƙishirwa ta kama shi. Rakiya ta sauke jarkar da ta ɗauko a ka, wuyanta na rawa, ta tsiyaya masa a moɗa. Ya leƙa, ya yatsine fuska, ya ce babu wanda ya fi wannan tsabta?

"Mai tsabtan yana cikin hotonka, Mushe."

Ta karɓe moɗar, ta mayar da ruwanta cikin jarka, ko ɗigo bai zuba ba.