Abin da Makwarwa Ta Sani

Ni ba marubuci ba ne, kada wani ya ɗauka haka. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya a Birnin Kudu, ba don karatun ya ishe ni ba, sai don haka abin ya zo. Na yi acaɓa, na yi jiran shago, na yi shelar rigakafi da lasifika a kan babur. Yanzu furfura ta kama gemuna, ina yi wa wata gidauniya mai taimaka wa karatun 'yan mata aikin da suke kira tattara labarai. Wato in shiga ƙauye, in ɗauki hoto, in naɗi murya, in tura Abuja, su gyara su nuna wa masu ba da taimako. Sunan gidauniyar ba zan faɗa ba. Har yau tuwonsu nake ci.

Amma ba a wurinsu na fara sanin labari ba. A Kangire na sani, a ƙofar ɗakin kakata Iya Delu. Ni ɗan fari ne, don haka tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni, a ɗakinta na tashi. Idan an gama girbi, sanyi ya fara saukowa, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara, ta binne rogo a toka, yaran gidan mu zagaye ta. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Kowa sai ta tara masa gyaɗa a gabansa ya ɓare. Wanda hannunsa ya tsaya, bakinta ma ya tsaya, sai sauran yara sun yi masa ca. Har yanzu in na ji warin hayaƙin kara, 'yan yatsuna sai sun yi mini zafi.

Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, “Baƙuwa ta yi sallama.” Mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.” Ni kuwa kullum sai ta tsokane ni tukuna: “Kai mijin banza, ko gishiri ba ka sayo mini ba, ka zo ka baje kunnuwa.”

Tatsuniyoyinta da yawa sun gudu daga kaina. Ɗaya ce ta ƙi tafiya, ta zabuwa da balbela da makwarwa.

Ta ce zabuwa ta yi ƙwai a cikin ciyawa a gindin wata sabara. Da rana ba ta zuwa kusa da wurin. Can nesa take kiwo, ko kallon sabarar ba ta yi, domin ta san guza yana bin idon uwa ne ya gano ƙwai. Sai duhu ya yi take lallaɓowa ta kwanta a kai. Balbela kuwa baƙuwa ce a dajin, ta zo da shanu, tana bisa bayan bijimi da farar rigarta, tana ganin komai daga sama. Ta ga ƙwai babu uwa, tausayi ya kama ta. Ta je ta tambayi zabuwa, zabuwa ta ce, “Wane ƙwai?” ta ci gaba da tonon ƙasa.

Sai balbela ta je wurin makwarwa, maƙwabciyar zabuwa, wadda ta san komai tun kakanninsu. Ta ce, “Makwarwa, lafiya kuwa tsakanin matar nan da ƙwanta?” To a shekarar makwarwa tana cikin yunwa, kuma balbela ce ke bar mata farar da ƙafafun shanu suke tasowa. Ta ga labarin ya yi wa balbela daɗin ɗauka. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “To, kin dai gani.”

Nan Iya Delu takan tsaya ta juya rogo, ta bar mu da baki buɗe.

Balbela ta hau bayan bijimi tana shela, tana hawaye, wai a zo a ceci 'ya'yan da uwarsu ta ƙi. Matar makiyayi ta ji, ta bi ta da ƙwarya, ta kwashe ƙwan tas, ta kai gida ta sa wa kaza. Da duhu ya yi zabuwa ta lallaɓo, ta tarar da rami. Iya ta ce shi ya sa har gobe kaza ke renon 'ya'yan zabuwa, shi ya sa kuma zabuwa ke wannan kuka nata mai tsaga kunne.

Sai ta tambaye mu, “To laifin wa?” Na yi tsalle na ce na balbela ne, magulmaciya. Ta ɗora mini mafici a ka. “Kai, wannan miji nawa kansa kamar sabon tulu, ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Balbela baƙuwa ce, abin da idonta ya gani ta faɗa. Wa ya san gaskiya ya rufe baki?” Ta raba mana rogo, ta ce baƙuwa ta ɗau takalmanta, kowa ya tashi.

Bara aka turo mana jami'ar yaɗa labarai daga Abuja, Malama Zainab. Bahaushiya ce, amma a birni aka haife ta, a birni ta yi karatu, Hausarta ma rabi Turanci ce. Ba zan yi mata sharri ba. Yarinya ce mai kirki, tana durƙusa wa tsofaffi, kuma da gaske take son yaran nan su yi karatu. Sai dai kafin ta zo wata uku duk abin da na tura ana dawo mini da shi. Wai hotunan sun yi kyau, amma babu abin da zai taɓa zuciya. Kowace yarinya “na gode, ina son in zama likita”. Masu ba da taimako sun gaji da likitoci. Kuma wa'adin aikina a ƙarshen watan zai ƙare. Mai takardar aji uku in an sallame shi, babur ne kawai ke jiransa, ni kuwa bayana ya daina ɗaukar babur na yini guda.

Na ɗauke ta muka tafi wata rugar Fulani da suka daɗe da zama a bayan Basirka, ta ƙasar Gwaram. Akwai yarinya a can, Hauwa, 'yar Malam Buba, gidauniya ta ba ta keke da kayan makaranta, kuma ta zo ta ɗaya a ajinsu. Hauwa ta yi magana da kyau. Sai Malama Zainab ta ce a kira uwar. Inna Dije ta fito tana jan mayafi, aka zaunar da ita kusa da yarinyar, na saita waya, Malama Zainab ta fara tambaya.

“Inna, wannan 'yarki ce ko?”

Ta kawar da kai. “'Yar gidan ce.”

“Me sunanta? Ki faɗa mana da bakinki.”

Ta ƙara jan mayafi.

“Ta zo ta ɗaya fa. Ba ki ji daɗi ba?”

“Ba ni da ta cewa,” in ji ta. Ta miƙe ta shige ɗaki. Ba a jima ba muka ji ta tana ƙwala wa ƙananan 'ya'yanta kira, kowa da sunansa, tana yi musu dariya.

Malama Zainab idonta ya kawo ruwa. Da muka fito bakin hanya ta ce, “Malam Sale, lafiya kuwa tsakanin matar nan da yarinyar?”

Na san amsar. Hauwa 'yar fari ce, uwar kunyarta take ji, ba za ta kira sunanta ba ko ta yabe ta a gaban mutane, ko da za a sa mata wuƙa a wuya. Na san fiye da haka ma. Sau da yawa ina wucewa da safe sai in ga Inna Dije da ƙwaryar nono a ka, tun kasuwa ba ta ci ba, tana tafe can gaban keken, kamar ba tare suke ba. In damina ce ita ke fara shiga rafin da ke tsakaninsu da titi, ta gwada zurfinsa da ƙafarta, ta haye ba ta waiwayo ba, sannan yarinyar ta biyo da keke. Shugaban makarantar ma ya gaya mini ita ce ta bi ta wajen surukarta har aka shawo kan Malam Buba ya yarda da karatun.

Duk wannan yana cikin bakina. Na dubi fuskar Malama Zainab, na ga abin taɓa zuciya ya samu. Na ce, “To, kin dai gani.”

Wallahi sai da maganar ta fita na ji ta a kunnena, na san inda na taɓa jin ta. Amma ban janye ba. Na tada babur.

Bayan sati biyu bidiyon ya fito. An sa masa kiɗa mai sanyi, an nuna Inna Dije tana kawar da kai, an nuna ta tana tashi, an rubuta cewa ga yarinyar da mahaifiyarta ba ta ko iya kiran sunanta, amma ba ta karaya ba. Da a Turanci ya tsaya, da ya wuce can inda ba a san su ba. Sai aka yi na Hausa. Ya shiga wayar masu shayi a Gwaram, ya shiga ta 'yan acaɓa a Basirka. Manya sun gane, sun yi tsaki. Amma samari ba su bar shi ba. Inna Dije tana sauke ƙwarya a kasuwa sai a ce, “Inna, me sunanta?” a kwashe da dariya. Matar da ko ɗaga murya ba ta yi, ta zama abin kallo a wayar kowa, fuskarta a buɗe. Ta daina zuwa kasuwa.

Ranar wata Litinin Malam Buba ya turo keken har ofishin shugaban makaranta, kayan makaranta a ninke a kan sirdi, littattafai a ɗaure da igiya. Ya ce ya gode. Ya ce karatun da za a saya da mutuncin uwar yarinya, ya yafe.

Na kira Malama Zainab na gaya mata komai. Ta ce ta taɓa jin ana kunyar ɗan fari, amma ta ɗauka abin da ne. Sannan ta ce, “Na tambaye ka fa, Malam Sale. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?” A ranar ta sa aka sauke bidiyon daga shafinsu. Amma wa zai sauke shi daga wayar mai shayi?

Na tafi rugar da kaina. Na tarar da Malam Buba da 'yan'uwansa a gindin tsamiya bayan la'asar. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya bari na sha, na faɗi abin da na yi ban rage ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, “Ita yarinyar birnin ba ta sani ba, Allah ya yafe mata. Kai fa, Malam, ɗan ina ne?”

Na ce Kangire.

“Kai ne na nawa a wurin mahaifiyarka?”

Na ce na fari.

Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Wancan” take ce mini. Ina yaro abin yana ci mini rai, in ga tana goya ƙannena tana yi musu wasa, ni ko kallo babu. Sai ranar da muka binne Iya Delu wata gwaggona ta gaya mini rogon da ake binnewa a toka, babban da kullum yake faɗowa hannuna, daga ɗakin uwata yake fitowa. Akwatin da na tafi makaranta da shi ma ita ta saya, aka ce Iya ce. Na san wannan shekara da shekaru. Amma da zan yi wa kaina adalci, ranar da na ce “kin dai gani”, ba tsoron rasa aiki ne kaɗai ya yi magana ba. Akwai wani yaro a cikina da bai huce ba, ya samu uwar wani ya rama a kanta.

Na roƙi a bar ni in ba Inna Dije haƙuri. Ba ta fito ba, ta bayan zana ta amsa gaisuwata. Na yi ta magana, ta ce ba komai, Allah ya yafe mana duka. Na juya zan tafi, sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, “Malam.”

Na tsaya.

“Keken nan da aka mayar, yana nan?”

Na ce yana nan a ɗakin ajiyar makaranta.

“A riƙa sa masa iska. In ya daɗe a zaune tayar lalacewa take. Kayan mutane ne.”

Ba ta ce na wa ba. Ba za ta ce ba.

An sabunta mini aiki, shekara guda cif. Wai bidiyon ya yi tasiri kafin a sauke shi, manya a Abuja sun yaba. Na sa hannu, ban ce uffan ba. Kada wani ya zaci zan ce na yi zuciya na ajiye. Ina da baki bakwai a gida.

Hauwa ba ta koma ba tukuna. Zango ɗaya ya wuce, na biyu ya kusa. Malama Zainab ta ce za ta zo da kanta ba tare da waya ba, ta durƙusa a gaban Malam Buba. Ko zai saurare ta, ban sani ba. Ni dai duk Alhamis ina biyawa ta makarantar da famfo a ɗaure a bayan babur. Shugaban makaranta ya daina tambayata, mabuɗi kawai yake miƙo mini. In shiga, in goge sirdi, in sa iska gaba da baya, in matsa da yatsa.

Ina yaro na ɗauka Iya Delu gargaɗi take mana kan gulma, kada mu zama masu yawan magana. Sai da na tsufa na gane a tatsuniyar nan duka wadda ta fi kowa ƙarancin magana ita ta yi ɓarnar, da kalma huɗu kacal, kuma ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Iya ba ta taɓa gaya mana abin da ya faru da makwarwa daga baya ba. Mu ma ba mu tambaya ba. Yanzu na sani. Ba abin da ya same ta. Ta ci fararta ta ƙoshi, tana nan a maƙwabta, tana jin kukan zabuwa kullum.