Shaidar Raƙumi a Gwiwar Ila

An kwana biyu da yin ruwan shuka, rairayi ya yi sanyi, shekara huɗu bayan babban fari. Da hantsi jakin maigari ya tsinke igiya ya yi arewa. Ila, maƙwabcina a ƙauyenmu na ƙasar Falanko, ya ajiye ƙwaryar iri ya bi shi. Kafin azahar sai ga su sun dawo, jakin ne ke haki.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi. In akuya ta ɓata, ko za a kai saƙon suna wani gari, Ila ake kira. Ba takalmi, ta hanyar shanu yake bi, ƙarangiya ma ta gaji da shi.

To, ranar Ɗan Azumi, sarkin samarinmu, yana kallo. Ya ce masa bayan kaka za a yi tseren gudu a Tanut, wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Damagaram a mota. Ila bai taɓa ganin Damagaram ba, bai kuma taɓa shiga mota ba. Ya sa abin a ransa har ba ya zancen komai sai shi.

Ɗan Azumi ya kawo masa takalmin kambas, ya ce, "Gudun birni ba a rairayi ake yi ba. Ka koma fako, inda ƙasa ke da tauri."

Ila ya koma fako, safe da yamma, cikin takalmin da ya matse shi. Kwana ashirin gwiwar dama ta kumbura, salla ma sai a zaune.

Wanzami ya kafa masa ƙaho, ba ta saɓe ba. Zalika, matar Ila, ta shafe ta da man shanu, tururuwa suka kore shi daga tabarma.

Sai ga Agali, wani Buzu abokinsa da ke kiwon raƙuma a kwarin Tarka. Ya danna gwiwar ya ce, "Raƙumina ma haka ta yi masa. Na warkar da shi."

"Da me?" in ji Ila.

"Kwanta ka gani."

Ni aka sa na danne masa ƙafafu, har yau ina neman gafararsa. Agali ya zaro ƙarfe daga wuta, ja wur, ya manna. Ƙarar da Ila ya yi, awakin unguwa sai da la'asar aka tattaro su.

Zalika ta duƙa ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Agali, wannan ba shaidar da kuke sa wa raƙumanku ba ce?"

"Ƙarfen da nake da shi ke nan, uwargida."

"To ka ɗauki abinka ka tafi da shi, ka riƙa ba shi ƙaya. Ni na huta da daka."

Ƙunar ta zaunar da Ila wata guda cur, kumburin ya saɓe. Agali ya ce ƙarfensa ne. Ni dai a ganina hutun ne, amma ba a tambaye ni ba. Da ya miƙe bai ƙara taka fako ba. Ya koma rairayinsa, yau kaɗan, gobe ya ɗan ƙara.

Ranar tsere a Tanut, su wajen arba'in ne, har da sojoji. Ana busa usur Ila ya zauna a ƙasa. Ɗan Azumi ya dafe kai. Ashe takalmin yake cirewa. Ya rataya shi a wuya don kada a ce ya raina kyauta, ya bar musu hanyar mota ya bi gefe, inda rairayi yake. Ɗaya bayan ɗaya ya wuce su.

Mai rubuta sunaye ya tambaya, "Wannan na wane gari ne?"

Agali ya kutso cikin taro ya ce, "Malam, dubi gwiwarsa. Namu ne!"

An kai shi Damagaram. Tun daga Tanut yake amai har suka isa. Ya ce garin ya yi kyau, amma mota ba abin shigar mutum ba ce.

Ila yana nan Falanko wajen ɗansa, ya tsufa, yana tufkar igiya a ƙofar gida. Gwiwar ba ta ƙara damunsa ba, shaidar kuma tana nan.