Guɗar da Yaya Ta Ce Ba Tata Ba Ce

An kwana biyu da faruwar wannan abu, kuma mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗa ba. Zan dai rubuta iya abin da na riƙe.

Lokacin ban daɗe da gama digiri ba, ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kayan 'yan sari, a Deira can ƙasar Larabawa, muna zaune a ɗan ƙaramin fulat a Al Buteen ni da 'yar yayata. Karatu aka turo ta, aka damƙa min amanarta. Ita kuwa ba ta rufa wata biyu ba ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan jami'arsu. Da labari ya kai Kano, babanta ya ce bai hana ba, bai kuma yarda ba. Uwarta za ta zo sarin kaya, ta gani da idonta. In ta ce a daina, an daina ke nan.

Zuwan Yaya ya dace da gasar da ake yi bayan an rufe kakar wasa, sili-ɗaya-ƙwale, duk wadda aka ci ta tattara ta koma aji. Yarinyar ta yi ta roƙona. "Anti, don Allah ki zauna kusa da ita. Ki riƙa kallon fuskarta."

To, a nan matsalar take. Ita ce 'yar fari, Yaya kuma ta riƙe kunyar fari yadda kakarmu ta bar ta. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, a gaban mutane ko kallo ba ta ishe ta ba. "Waccan" take ce mata.

Muka tafi da maƙwabciyarmu, wata 'yar Zangon Kumasi mai aiki a otal, wadda bakinta ba ya hutawa. Muna zama ta ce, "Hajiya, wacce ce taki?"

Yaya ta nuna ni da haɓa. "Ga uwarta nan, tambaye ta."

Aka fara wasa. Yaya ta tafa wa kowa. Ta tafa wa wata 'yar Sudan, ta tafa wa alƙaliyar wasa, ta tafa wa abokan hamayya har wasu iyaye daga ɓangarenmu suka fara waiwayo. Amma da ƙwallo ta shiga hannun tamu, sai ta sunkuya ta hau gyaran gyale, ko ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba.

"Hajiya, yalla, ɗago kai! 'Yarki ce ta jefa!"

"Allah Sarki. Waccan ta jar riga dai ta iya gudu."

A hutun rabin lokaci yarinyar ta ɗago kai daga benci tana tambayata da ido. Na ɗaga mata yatsa, alhali ban san komai ba. Har nazari na yi a jami'a kan halayyar masu sayayya, amma fuskar yayata ta gagare ni.

Dab da tashi ana gaba da mu da kaɗan, sai wata ta ture tamu, ta zube a ƙasa. Ina jin Yaya ta damƙe min hannu, ko da yake ta ce kujera ta kama. Aka ba yarinyar jifa biyu, ita kaɗai ba mai tare ta. Wurin ya yi tsit. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta zagaya bakin kwandon ta faɗa ciki. Sai ga guɗa, irin ta gidan biki, doguwa mai kaɗa harshe, ta cika zauren. Na waiwaya na tarar da Yaya tana kallon silin, hannunta bai gama sauka daga hanci ba.

"Eh, Hajiya! Ashe da murya!"

"Ke ce dai. Ku mutanen Gana ba ku da kunya."

"Ni? Wallahi ko a bikina hayar mai guɗa na yi!"

Duk da haka an ci mu, in ban manta ba da jifar ƙarshe. Muka hau jirgin metiro muka nufi gida. Yarinyar tana ta kallona, ni ina kallon taswirar tasha.

Washegari na raka Yaya kasuwar Murshid Bazaar a ɗaure mata kaya. Muna ratsa kwalaye sai ta tsaya a shagon takalma, ta ɗauko wani fari mai tsawon wuya, ta lanƙwasa shi, ta duba ƙasansa, ta miƙo min.

"Ki ba waccan. Na ƙafarta ya suɗe, shi ya sa ake ture ta kamar kara. Baɗi kar in zo in ga wannan abin kunya."

Na ce, "Yaya, ashe kin gani?"

Ta ce, "Me na gani? Khalas, shi ke nan, ɗauki ledar mu tafi."

Har yau tana nan a kan bakanta cewa guɗar ba tata ba ce, maƙwabciyar kuma ta koma ƙasarsu. Ni dai kunnena na hagu ne ya yini yana ƙara, kuma a hagu Yaya ta zauna. Amma ba na so in zalunce ta. Duk wanda yake zauren ranar, ya ga abin da ban gani ba, don Allah ya aiko min in gyara.