Hannun Daman Yaya Sule

Talata: Wudil zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar Asuba, ni da wana Sule muka shiga motar Kano daga tashar Wudil. Tun da lauje ya yanke masa jijiyar hannun dama wajen yankan shinkafa a Indabo, yatsunsa suka daina ji, shi kuma ya daina fitowa cin tuwo a ƙofar gida. Wai dattijo kamarsa ba zai tsoma hagu a kwanon jama'a ba. Wata biyar ke nan da yi masa aiki, za mu koma a duba.

Bakwai muka bar Kano. Shingaye uku muka wuce, duk na 'yan sanda, direba yana ta ba su labarin zaɓe har su gaji su ɗaga mana. A Zariya aka tsaya cin abinci, na sayo masa shinkafa da wake.

"Azumi nake yi," in ji shi.

"Yaya, yau fa Talata."

"Ci abincinka, Habu."

Na ci, amma bai yi mini daɗi ba.

Laraba: asibiti

Ƙarfe tara likita ta kira mu. Ta sake yi mana bayanin aikin: sun ɗinke jijiyar, sun zuba mata ƙwayoyin halitta daga ɓargonsa, da wani ruwa da suka tace daga jininsa mai sa jijiya ta tofo.

"Kamar dashe ne, Baba, a hankali yake kamawa."

Yaya ya ce wannan yaren ya gane shi. Ta tsikare shi da allura a tafin hannu, ya zabura. A kan yatsu kuwa shiru. Ta ce mu ƙara haƙuri, ya riƙa motsa su.

Alhamis: komawa

Shida muka taso. A Zariya, wajen mai shayi, na miƙa masa kofi ban lura da hannun da ya kawo ba. Sai ji na yi ya yar da shi.

"Kai! Ka ƙona ni!"

Muka tsaya kallon yatsun nan, ashe da dama ya karɓa. Mai shayi yana ta ba da haƙuri, mu kuma muna ta dariya, har na ji hawaye.

Biyar da minti goma muka haye gadar Wudil, kafin magariba muna Indabo. Da aka fito da tuwo, Yaya ya wanke hannu ya zauna cikin mutane. Lomarsa ƙarama ce, rabi ma zubewa take yi, babu wanda ya kalla. Mun gode wa Allah, mun gode wa likitar nan.