Muciyar Goggo Delu

Ƙwas, ƙwas. Bugu biyu a bakin tukunya. Jiya ina tuƙa tuwo hannuna ya yi shi da kansa, sai na tsaya cak da muciya a hannu, don duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a garin Wheaton na Amurka ya san mai wannan bugun. Goggo Delu ce, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda ta zo wankan jegon 'yata Amira ta zauna da mu har Allah ya karɓi abarsa. In ta buga sau biyu, ko dai tuwo ya nuna, ko magana ta ƙare.

Muciyar nan daga Kano ta zo da ita, doguwa, ta kusa kai mata ƙugu. A filin jirgi ma'aikaci ya juya ta ya tambaya ko makami ce. Maigidana ya fassara mata. Ta ce, "Gaya masa sai ranar da aka raina min tuwo."

Mota kuwa ba ta shiga in za a je shagon kayan miya. Ko ƙanƙara ke zuba sai ta ɗaura zani kan wandon sanyi ta kama hanya. In na ce, "Goggo, ki bari in kai ki," sai ta ce, "Ƙafar tawa ce, ba aro na yi ba."

To, shekarar da iyalan Hausawanmu suka shirya zuwa hamadar Utah hawan duwatsu, an so a bar ta gida. Dakta Bashir da ya haɗa tafiyar ya zo har falo ya durƙusa.

"Goggo, wurin fa sai da rarrafe."

"Kai ɗin wa ya koya maka rarrafen?"

Ƙwas, ƙwas a kan tebur. Aka sayi tikitinta. Sandunan tafiya masu tsini da aka raba wa kowa ta mayar, ta ce tana da tata.

Ranar hawa maigidana ya tsaya a gindin mota da yara saboda gwiwarsa. Muka shiga wani kwazazzabo na jan dutse, matsattse, wani wurin sai ka karkace kafin ka wuce. Goggo na gaba da atamfarta tana dogara muciya, tana mita. "Mun hau jirgi mun zo kallon dutse, ga Dala can a gida babu mai hana ka."

Sai muka iso wani tsani na dutse da ya fi ni tsawo. Jagoranmu, wani saurayin Bature, ya haye sama yana miƙo hannu yana jawo mutane ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta damƙe hannunsa ta ce, "Wannan ai jikana ne," ta haye. Ni na taka rabi, na sami ɗan wurin dafawa, na ɗaga kai na ga hannun. Tun da na yi wayo ban taɓa ba namijin da ba muharramina ba hannu. Na duba ƙasa, jiri ya ɗebe ni. Gaba ta gagara, baya ta gagara, ga mutane a bayana suna jira. Yaron kuma bai gane ba, sai ƙara miƙo hannun yake yana lallashi.

Na ce, "Goggo, ki jawo ni ke."

"Ni? Tun haihuwar Amira kika ƙi ramewa. Mu faɗi tare a yi sallar gawa biyu?"

Sai na ji ƙwas, ƙwas a kan dutse. Ta danƙa wa yaron kan muciya, ta sauko min da gindin. "Shi ya riƙe can, ke ki riƙe nan. Yi bismillah, 'yar nan, itacen nan ya tuƙa tuwon biki bai karye ba."

Na kama. Ban san yadda aka yi ba sai ga ni a sama ina haki, hawaye na zuba. Ba ta bari kowa ya gani ba, ta tsaya a gabana tana gyara min mayafi kamar shi ne ya zame. Bayana mata biyu ma da muciyar suka hau. Jagoran ya tambayi inda ake sayar da irinta. Goggo ta ce, "A gaya masa ya fara koyon talge tukuna."

Allah ya jiƙan Goggo Delu. Yadda ta rufa min asiri a kan dutsen nan, Allah ya rufa mata nata, ya yalwata kabarinta, ya ba ta abin riƙewa ranar tsallake siraɗi.

Amira ta ji bugun jiya, ta leƙo kicin ta same ni ina share ido. Ta daɗe tana kallon muciyar, sannan ta ce da Hausarta mai tsallen nan, "Mama, akwai duwatsu a Aljanna? Don Goggo ba za ta yarda ta zauna ba."