Alhaji Mukhtaru Muɗawwifi da Ƙwayoyin Zinare

An haifi Alhaji Mukhtaru a unguwar Masfala ta birnin Makka a shekarar 1902. Mahaifinsa, Malam Dawuda, Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙafa ya zauna, sunan mahaifiyarsa Hure.

Karatu da sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a 1915, ya yi fiƙihu a zauren malaman Harami, sannan ya kama aikin muɗawwifi, wato yi wa alhazai jagorar ɗawafi yana laƙƙana musu addu'a da Larabci, yana yi musu faɗa da Hausa. Mutum ne mai tsanani. Duk namijin da ya gani da zoben zinare, sai ya cire kafin su taka Harami.

Iyali

Ya auri Rakiya a 1927, suka tare a unguwar Utaibiyya, Allah Ya azurta su da zuriya.

Jinya

A 1964 fitsari ya fara matsa masa, har ta kai ba ya kammala kewaye bakwai sai alwalarsa ta karye, ga shi ɗawafi ba ya inganta sai da tsarki. Wannan ya fi shi kansa ciwon ƙona masa rai, ya daina fita. Likitocin Jidda suka gano ciwon daji a ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. A 1965 babban ɗansa Abubakar ya kai shi wani asibiti a Landan, inda aka ba shi zaɓi: ko a yanke ƙullutun, mai yiwuwa ya saura da yoyon fitsari har abada, ko a dasa masa ƙwayoyin zinare kamar tsabar shinkafa, masu fitar da wani ƙarfi da ke ƙone ciwon daga ciki.

Zinare fa, a jikin Mukhtaru! Ya ce sam, wanda ya raba alhazai da zobbansu ba zai koma Makka da zinare a mara ba. Rakiya ce ta warware matsalar. Ta sa aka buga masa waya, ta tuna masa sahabin da aka halatta wa hancin zinare saboda lalura, hadisin da daga bakinsa ta ji shi. Sai ya miƙa wuya.

Komawa aiki

Allah Ya sa aka dace. A hajjin 1966 ya shige gaban ayarin Kanawa, ya kewaya Ɗakin Allah sau bakwai da alwala ɗaya, ya kuma yi kuka a bainar jama'a bai ɓoye ba. Abokan wasansa suka laƙaba masa Maizinare, yana amsawa.

Rasuwarsa

Ya rasu a 1969 sakamakon bugun zuciya, jim kaɗan bayan ya sallami wasu alhazai daga ɗawafin bankwana, alwalarsa ba ta karye ba. An sallace shi a Harami, aka binne shi a maƙabartar Ma'ala. Ya bar matarsa Rakiya da 'ya'ya huɗu: Abubakar, Hauwa, Maryama da Aishatu. Allah Ya jiƙansa da rahama.