Mai Doki a Filin Inna

Tun faɗuwar damina Inna take fama da mai dokin da ya kafa turke a filinta na bayan gida, inda take son shuka kuɓewa. Ta aika ɗanta, ta aika maƙwabci, amsar ɗaya ce: "Gobe, in Allah ya yarda."

Yau da kanta ta fito, mayafi a kafaɗa, bakinta cike da masifa.

Ga shi can a tsugune, dattijo siriri, rigarsa duk faci. Yana cire wa ɗan guntun dokin kaska a kunne, yana lallashinsa ƙasa-ƙasa kamar jika. Wataƙila shi kaɗai ya rage masa a duniya. Ya miƙe ya tuge turken ya matsar gaba, ya dawo yana baza kashin dokin da fartanya.

Sai yanzu Inna ta lura. Doguwar ciyawar da take hana jikokinta shiga saboda macizai ta tafi, ƙasa ta yi baƙi da taki.

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Baiwar Allah, gobe za mu tashi."

"Ku je ina, Malam? Ai gefen katangar can ba ku taɓa ba tukuna."